Ranar da Ciyaman Ya Zauna a Kan Hannuwansa

Akwai wani tela da kowa ke kira Ciyaman, domin shi ya kafa ƙungiyar tanadi da rance ta 'yan kasuwar unguwarsu. Mutum ne mai amana, ba a taɓa zarginsa da taɓa haƙƙin kowa ba. Aibinsa ɗaya ne. A taro shi ke tambaya, shi ke amsawa, shi ke yanke hukunci. 'Yan kwamiti aikinsu gyaɗa kai.

Ranar wata Litinin da ƙarfe goma na safe, yana tsakiyar yanka yadi, aka kira shi daga banki. Bankin zai zuba jari a ƙananan ƙungiyoyin rance na unguwanni, kuma tasu na cikin waɗanda ake dubawa. Sharaɗin shi ne shugaba ya je horo, daga baya a zo a ga yadda suke aiki.

Ya jefar da almakashi, ya fito titi ko takalmi bai tsaya sa wa ba.

"Dogo! Gwaggo! Banki na nemanmu!"

Dogo mai walda ya kashe injinsa. Gwaggo mai sabulu ta bar rumfarta a buɗe ta taho tana gyara mayafi. Kafin azahar kasuwa ta ɗauka. Mai kifi har ta fara auna inda za ta ajiye firji, mai aski yana tambayar farashin sabuwar kujera.

A wurin horo, Ciyaman ya zauna a layin gaba. Duk tambayar da malamar bankin ta yi, hannunsa ne farko a sama. A rana ta ƙarshe sai ta ba su aikin gida.

"Ku koma ku bar kwamitinku su yi zama ba tare da kun sa baki ba. Ranar da za mu zo, a bayan ɗaki za ku zauna. Banki ba zai ɗora jari a kan ƙungiyar da mutum ɗaya ke ɗauke da ita ba. In ya kwanta ciwo, wa zai riƙe mutane?"

Da ya ba matarsa labari, dariya ta yi har ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Kai za ka yi shiru, maigida? Kai da kake mayar wa rediyo amsa?"

"Za ki gani."

"Allah ya nuna mini."

Zaman farko ya zama hayaniya. Kowa na magana, ba mai sauraro. Dogo, ɗaya daga cikin 'yan kwamiti, ya yi ta waiwaye yana cewa, "Ciyaman, me ka gani?" Shi kuwa ya ce, "Ban ga komai ba, yau ɗan kallo ne ni." A hankali Gwaggo, da ke jagorantar zaman, ta koyi buga tebur, Dogo ya koyi karanta doka kafin ya buɗe baki.

Ranar zuwan banki, aka ari aji ɗaya a makarantar unguwa. Benci ya cika, wasu na leƙe ta taga. Malamar ta zauna a gefe. Ciyaman ya tafi can baya kusa da ƙofa.

Buƙatar rance ta farko ta wuce lafiya, ta biyu ma haka. Sai Dogo ya kira ta uku. Mai buƙatar Auta ne, ƙanen Ciyaman uwa ɗaya uba ɗaya, mai babur ɗin haya. Yana son rance ya sayi babur na biyu. Bai gaya wa yayansa ba, don a ganinsa ba sai ya gaya ba.

Dokar ƙungiya kuwa a fili take: wanda ya daina zubin mako-mako ba ya samun rance sai ya dawo ya daidaita.

Gwaggo ta dube shi ta saman tabarau. "Auta, yaushe rabonka da zubi?"

"Haba Gwaggo, ai kin san yanayin gari."

"Na san shi, ɗana. A cikinsa nake sayar da sabulu, kuma ina zubi."

Aka kwashe da dariya. Kwamiti ya ɗaga hannu, hukunci ya fito: ba yanzu ba, sai ya koma zubi.

Auta ya juya baya gaba ɗaya.

"Yaya! Kana zaune ana yi mini haka a bainar jama'a? Kai ka riƙe ni tun rasuwar Baba. Kalma ɗaya kawai za ka faɗa!"

Gaskiya ne. Da ya yi ko gyaran murya, da Dogo ya janye, da Gwaggo ta yi shiru don kunya. Ciyaman ya ji hannunsa na dama yana tashi da kansa. Sai ya kama shi, ya tura hannuwan biyu ƙarƙashin cinyoyinsa, ya zauna a kansu. Gumi na bin wuyansa, idonsa a ƙasa.

Auta ya fita ya bugo ƙofa.

Gwaggo ta buga tebur. "Buƙata ta huɗu."

Da aka tashi, malamar ta miƙe ta ce, "Na ga abin da na zo gani. Wannan ƙungiya za ta iya riƙe amana ko shugabanta na nan ko ba ya nan. Zan ba da shawara a ba ku jarin."

Ajin ya kaure da ihu da tafi. Mai kifi ta rungume mai sayar da zare, wadda ko gaisawa ba sa yi. Mai aski ya fita da gudu ya kai labari kasuwa, jama'a suka bi shi.

Waɗanda suka rage a ajin kaɗan ne. Gwaggo tana share alli a allo. Dogo yana mayar da benci wurinsa. Maigadin makaranta yana jira da kwaɗo a hannu. Sai Ciyaman a inda yake, yana murza yatsunsa da suka sage, ya kasa yin murnar da kowa ke yi.

Sai kuma mutum ɗaya a bakin ƙofar makaranta, a kan babur, injin na aiki, fuska a murtuke.

"Yaya, hau mu tafi. Ba na magana da kai, amma ba zan bari ka taka a rana ba."

Darasi: Shugaba na gari ba shi ne wanda komai sai da shi ba. Shi ne wanda ya koya wa mutanensa yanke hukunci, sannan ya daure ya bar hukuncin ya tsaya ko da ya faɗa a kan ɗan'uwansa. Ku tura wannan labari ga duk wanda ke riƙe da wata ƙungiya, babba ko ƙarama.