Ranar da Hankaka Ya Zama Kaka

An yi wani tsohon Kurege da yake zaune a gindin wata tsamiya, a bakin gonar gyaɗa. Tsufa ya kama shi, haƙoransa sun zube sai ɗaiɗai, jelarsa ta yi furfura. Amma duk dajin nan ba wanda ya kai shi fara'a, kuma ba abin da ya jawo haka sai jikokinsa uku.

Kullum da sassafe 'yarsa takan kawo masa su kafin ta tafi neman abinci. Akwai Ƙyallu, babbarsu, mai bakin tsiwa. Akwai Nomau, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Sai ƙaraminsu Mantau, wanda bai daɗe da koyon gudu ba.

Tun daga nesa tsoho yakan jiyo su suna ihu: "Kaka! Kaka! Mun zo!"

Sai ya leƙo daga rami ya ce, "Wayyo ni! Ga mayaƙa sun iso, yau kuma na shiga uku!" Yana faɗa yana dariya.

Nomau ne yakan fara yin tsalle a kansa. "Kaka, taso mu yi kokawa! Yau sai na kai ka ƙasa!"

Da Nomau ya taɓa shi, sai tsoho ya zube, ƙafafu a sama, yana kururuwa: "Jama'a ku kawo ɗauki! Ƙato ya karya ni!"

Daga nan sai ya juya ga Ƙyallu. "Amaryata, yau me kika kawo wa mijinki?"

"Allah ya kiyaye!" in ji Ƙyallu, tana murguɗa baki. "Ni zan auri tsoho marar haƙora? Ka fara nemo haƙora tukuna!"

Shi kuwa Mantau ba ruwansa da surutu. Jelar kakansa yakan rungume, ya ce, "Ja ni!" Tsoho ya yi ta zagaya tsamiya da shi, yaro yana ƙyalƙyala dariya har da shaƙuwa.

In rana ta ɗaga, sai su zauna a inuwa su ɓare masa gyaɗa, tunda shi ba ya iya fasa ɓawo. Su jefa ƙwaya ɗaya a bakinsa, su jefa biyu a nasu.

To, a saman tsamiyar akwai wani Hankaka, sarkin kwaɗayi. Yana da ma'ajiya a kogon wata kuka can bayan gona, cike da gyaɗa da riɗi da busasshiyar magarya, amma kullum gani yake bai tara komai ba. Kuma ba abin da yake ji da shi kamar farin ƙirjinsa, wanda yakan wuni yana gyarawa da baki.

Hankaka bai taɓa kula da kokawar ba, balle dariyar. Gyaɗar nan da ake jefa wa tsoho a baki, ita kaɗai idonsa yake gani.

Wata rana ya sauko ya ce, "Kai Kurege, lalle ba ka san arziki ba! Ma'aikata uku Allah ya ba ka kyauta, ka tsaya kana birgima da su a ƙasa kamar marar hankali."

"Waɗanne ma'aikata?" in ji Kurege.

"Waɗannan mana! Da ni ne kakansu, da tuni na cika rumbu uku. Ara mini su na wuni ɗaya ka ga yadda ake riƙon jikoki."

Kurege ya harare shi. "Jika tukunya ce da za a ba da aro? Tashi ka ba ni wuri!"

"Rowa ce kawai take damunka!"

"Na ji. Kai kuma kwaɗayi zai kashe ka!"

Hankaka ya koma reshensa yana gunaguni, amma bai haƙura ba.

Da rana ta take, tsoho ya jingina da saiwar tsamiya yana ba yara labari. Bai kai tsakiya ba barci ya sace shi, ya hau minshari, baki buɗe.

Hankaka ya sauko a hankali, ya sassauta murya. "Yara, ku zo ku gaida kakanku."

Ƙyallu ta dube shi sama da ƙasa. "Kakanmu ga shi can yana barci."

"Ai ni ma kakanku ne. Ba ku ji sunana ba? Han-kaka! Kakan yana cikin sunan."

Nomau ya daka tsalle. "Wallahi gaskiya ne! Ashe muna da kaka mai fiffike!"

"Ku biyo ni ku ga gidana," in ji Hankaka.

Suka bi shi a guje, suna murna, har gindin kuka. Ya nuna musu kogon, ya buɗe ƙirji ya ce, "Kun ga wannan? So nake kafin rana ta faɗi ku ninka mini shi. Ke ki shiga gona ki tono. Kai ka kwaso. Kai kuma ƙarami ka..."

Bai ƙarasa ba suka auka cikin kogon.

"Kai! Wannan kakan ya fi namu arziki!" in ji Nomau, bakinsa cike da riɗi.

"Ku ajiye! Ku ajiye, na ce! Ba ci na kira ku ba!"

Ƙyallu ta tsaya da magarya a hannu. "Ai abin kaka na jika ne. Ko kai ba kakanmu ba ne? In ba kai ba ne mu koma gida."

Hankaka ya ce, "Kakanku ne mana. Amma ku ci kaɗan."

Ina! Suka ci, suka cika kumatu, suka fara jifan juna da gyaɗa. Nomau ya gano cewa in ya tura riɗi da ƙafafun baya yana zubowa waje kamar ruwan sama, sai ya hau turawa. Hankaka ya bi nan ya tsince, ya bi can ya tsince, yana ta kumfar baki.

Yana cikin tsintar sai ya ji an dira a wuyansa. "Kaka, kokawa!"

"Sauka! Sauka, ɗan nema! Za ka ɓata mini ƙirji!"

"Ai kai ne za ka faɗi," in ji Nomau. "Haka ake yi. Ka faɗi ka ce ƙato ya karya ka."

"Ni in faɗi a ƙasa? Ni?"

Nomau ya ga kakan nan yana da taurin kai, sai ya ƙara ƙaimi. Ya dafe farin ƙirjin da ƙafafunsa masu taɓo, ya murɗa, ya ja. Kafin ka ce kwabo farin ya koma jan ƙasa.

Ana haka Mantau ya lallaɓo ta baya, ya rungume jelar Hankaka. "Ja ni!"

Hankaka ya yi juyi don ya yar da shi. Sai ji aka yi fit! Mantau ya faɗi zaune da dogon gashi a hannu. Ya dubi gashin, ya dubi 'yan'uwansa, idonsa ya yi haske.

"Jelar wannan kakan tana cirewa!"

"Ni ma ina so!" in ji Ƙyallu.

"Ni biyu zan cira!" in ji Nomau.

Suka rufar masa. Wannan ya fizgi jela, wancan ya fizgi fiffike, gashi yana ta tashi sama. Hankaka ya ƙwalla ƙara, "Kaa! Kaa! Kaa!" har dajin ya amsa. Ya ɗaga baki ya kai wa Nomau sara a ka.



Nomau ya dafe kai, ya ja da baya. Ba a taɓa dukansa a wajen wasa ba. Mantau ya saki gashin da yake riƙe da shi, sai ya fashe da kuka: "Ni Kakana nake so! Kakana na gaske!"

Can gindin tsamiya kuwa, shiru ne ya tashi tsoho daga barci, don bai saba da shi ba. Ya duba dama, ya duba hagu. Ba Ƙyallu, ba Nomau, ba Mantau.

"Ƙyallu! Nomau!" Ba amsa.

Sai iska ta kawo masa kukan Mantau daga bayan gona. Tsohon da yake cewa gwiwa ta hana shi sakat, ran nan ya manta da gwiwa. Ya keta kunyoyin gyaɗa kamar kibiya.

Ashe ba shi kaɗai ya ji hayaniyar ba. Wani Muzuru mai yawo da yunwa shi ma ya ji, ya biyo. Kurege yana isowa ya hango shi laɓe cikin ciyawa, ya kwantar da kunnuwa, idonsa a kan Mantau.

A gindin kukar akwai wani tsohon ramin gafiya. Kurege ya ƙwalla kira da iyakar muryarsa: "Rami! Ku shige rami! Maza!"

Ƙyallu ta faɗa, Nomau ya bi ta. Mantau ya tsaya yana waige-waige. Tsoho ya sure shi a baki ya yi cikin ramin da shi, daidai lokacin da faratan Muzuru suka sauka inda yaron yake tsaye.

Muzuru ya juya. Sai ga Hankaka.

Hankaka ya buɗe fiffike ya yunƙura. Ya ɗan tashi, ya karkace, ya wulwula, ya faɗo tim! Ya sake gwadawa, ya sake faɗowa. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya ruga da ƙafa ya cusa kai cikin ramin. Kai ya shiga, wuya ya shiga, ƙirji ya maƙale.

"Kurege! Don girman Allah, Kurege! Ja ni!"

"Ai ka ji, Kaka," in ji Mantau, yana share hawaye. "Shi ma yana son a ja shi."

Tsoho ya kama bakin Hankaka. Ƙyallu ta kama jelar tsoho, Nomau ya kama ta Ƙyallu, Mantau ya kama ta Nomau. A waje kuma Muzuru ya cafke abin da ya rage na jelar Hankaka.

"Ku ja!" in ji tsoho. "Ku ja, 'yan albarka!"

Suka ja, Muzuru ya ja. Suka ƙara ja, Muzuru ya ƙara ja. Sai ji kake fut! Hankaka ya faɗo ciki, duk suka zube a kan juna. Muzuru ya tsira da gashi cike da baki, ya yi ta atishawa. Ya zauna gadi har ya gaji, ya kama gabansa.

Tsoho ya shafa kan kowane jika, ya duba ƙullutun da ya fito a kan Nomau, ya hura masa. Sannan ya juya ga Hankaka ya ce:

"Da Mantau ya rasa ransa yau, me zan gaya wa uwarsa?"

Hankaka ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Wai ta yaya kake jure wannan bala'i kullum?"

"Wa ya ce maka jurewa nake yi? Ni tun asuba nake zuba ido a hanya ina jiran su."

Da suka fito, sai suka tarar tsuntsaye sun tsince duk abin da aka watsar. Kogo ya zama wayam. Hankaka ya dubi kogon, ya dubi ƙirjinsa, ya waiwaya ya dubi inda jela take a da. Ya kama hanya da ƙafa, yana tangaɗi, kuma da ƙafa ya yi ta yawo har lokacin kaka ya wuce kafin gashinsa ya tsiro.

Da yamma 'yar tsoho ta dawo. Tun kafin ta ajiye kaya yara suka kewaye ta, kowa yana son ya riga ba da labari.

"Inna, mun yi sabon kaka!"

"Mun cire masa jela!"

"Kaka ya fi Muzuru gudu!"

Ta saurara har ƙarshe, ta rungume su ɗaya bayan ɗaya, ta ja musu kunne a kan bin wanda ba su sani ba. Sannan ta dubi mahaifinta. Yana kwance ya miƙe ƙafafu, yana nishi, jikinsa duk ƙura.

"Sannu, Baba. Yaran nan za su ƙarasa ka. Gobe zan kai su wajen dangin ubansu, ka samu ka huta kwana biyu."

Tsoho ya yi wuf ya tashi zaune.

"Wa ya ce miki na gaji? Ki kawo mini su da sassafe. Ni da Nomau akwai sauran kokawa a tsakaninmu!"

Darasin wannan labari shi ne, jika ba ma'aikaci ba ne, kuma ba a zama kaka da suna. Daɗin jikoki na wanda ya yarda ya faɗi ƙasa don su yi dariya ne, wanda kuma zai manta da ciwon gwiwarsa ranar da suka shiga haɗari. Wanda ya matso kusa da yara don abin da zai samu, zai rasa har abin da yake da shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ku kuma yara, duk mai daɗin bakin da ya ce ku biyo shi, ku fara tada kakanku ku tambaye shi.