Barmo Magini da Ɗanyen Tubali

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, magini ne, ana ce masa Barmo. Bawan Allah ne, ba ruwansa da kowa. Ku na baya, hirar nan ta isa haka, ku saurara.

Wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta kira shi ya gina mata ɗaki. Damina ta matso, ita kuma kullum tana kansa, ya yi sauri, ya yi sauri. Barmo ya san tubalin bai bushe ba. Ya sani sarai. Amma kunyar tsohuwa ta hana shi cewa a jira, ya ɗora ɗanyen tubali ya yaɓe. Ruwan farko da ya sauka, bango ya zube mata, ta tsira da karyayyen hannu.

Barmo ya yi nadama. To amma wace iri? Cewa ya yi ya bar gini har abada. Damina biyu yana zaune a zaure yana share hawaye, mutane suna ta cewa Barmo akwai tsoron Allah. Ni abin nan haushi yake ba ni. Tsohuwa fa tana can raɓe a madafin maƙwabta, hayaƙi yana cin idonta, shi yana nan yana kuka.

Ran nan ta dogara sanda ta same shi. Ta ce, "Ɗan nan, ni na yafe maka tuntuni. Amma kukan nan naka, ko sau ɗaya ban kwana a cikinsa ba."

Washegari Barmo ya kwaɓa ƙasa, ya yi tubali ya shanya. Sai me? Hadari ya fara haɗuwa, tsohuwar nan dai, ita ɗin dai, ta dawo da halinta. Ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta ce so yake ta sake damina a gidan mutane. Ya ɗauki tubali guda ya fasa a gabanta, cikinsa danƙare da laima.

Ya ce, "Iya, ki zage ni son ranki. Wancan karon kunyarki na ji, na karya miki hannu. Sai ya bushe."

Kwana tara ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ya haɗiye, yana rufe tubalin da zana in hadari ya taso, har ya bushe ƙarau, sannan ya yi gini. A ɗakin nan ta ƙarasa rayuwarta.

Jama'a, nadamar da Allah yake so ita ce wadda take gyara ɓarna, ta kuma hana ka maimaitawa ranar da aka sake matsa maka. Ku kuwa kullum "da na sani", kullum "kaicona", na gaji da ji. Kowannenku ya san wanda ya cuta, ya san ƙofar gidansa. Idan an tashi daga nan, can za ka nufa.