Idon Abu Karam da Kujerar da Aka Ajiye Masa

Akwai wani mutum a garinmu na Zahle da ake kira Abu Karam, manajan ƙungiyar ƙwallon kwando ta gari. Duk wanda ya taɓa shan gahawa da shi ya san kirarin da yake yi wa kansa: wai shi idonsa sikeli ne. Ɗan wasa ya sauko daga mota kawai, kafin ya rufe ƙofa shi ya gama auna shi.

"Ni ba na sayen ɗan wasa a waya," haka yake faɗa yana dukan tebur. "Masu kallon bidiyo su yi ta kallo. Ni sai na je, na zauna, na ji ƙarar takalminsa a kan katako da kunnena."

Har ya ce ya taɓa gane mai ciwon gwiwa daga yadda yake riƙe cokali. Ni dai ban ga wannan ba, amma da bakinsa ya ba ni labarin, kuma duk ranar da ya maimaita sai gwiwar ta canja ƙafa.

To, a wannan shekarar ƙungiya ta ƙare kakar wasa a tsakiyar teburin gasa, ba yabo ba fallasa. Shugaban ƙungiyar, Istaz Fawzi, mai kamfanin tayil wanda ya fi sanin siminti a kan ƙwallo, ya ce shi ya gaji. Ɗan wasan gaba sabo yake so. Matsalar ita ce gurbi ɗaya ne: in sabo ya shigo, dole tsoho ya fita.

Tsohon shi ne Tanyos, ɗan gari, mai shekara talatin da uku, wanda 'yan kallo ke kira Bango. Ba ya cin maki da yawa. Aikinsa shi ne ya tare wa abokin wasansa mai tsaro har ya samu sararin jifa, ya ƙwato ƙwallon da ta bugi kwando ta dawo, ya kuma manne wa wanda ya fi kowa haɗari a cikin abokan karawa. Burinsa ɗaya ya rage a duniya: ya buga kakarsa ta ƙarshe a gaban mahaifinsa, wani dattijo manomin inabi da bai taɓa canja kujera a zauren wasa ba.

Sabon kuma Ziyad ne, matashi dogo da ke buga wa wata ƙungiya ta rukuni na biyu a bakin teku, kusa da Juniya. Ba a nuna wasanninsu a talabijin, sai dai dillalinsa ya turo bidiyo. A bidiyon nan Ziyad ba ya taka ƙasa sai in ya ga dama.

Aka zauna a ofishin Istaz Fawzi ana gwada su biyun.

Koci Hagop ya ce, "Yallaɓai, bidiyon dillali ba ya nuna lokacin da ɗan wasa ya ƙi komawa tsaron gida. Tanyos maki shida yake ci, amma yana hana a ci mu goma sha biyar."

"Bangon nan naka shekara goma yana tsaye," in ji Istaz Fawzi. "Ni a sana'ata bango nake yi wa ado, ba na biyan sa albashi. Wanda yake tashi sama nake so."

"Ziyad ya fi shi tsawo, ya fi shi jifa daga nesa, na yarda. Amma yana da ƙafaɗar da zai yi kokawa a ƙarƙashin kwando? Yana komawa baya?"

Abu Karam ya kurɓi gahawa ya yi murmushin masu ilimi. "Ku daina wahalar da kanku. Ranar Asabar suna da wasa. Zan je in aza shi a sikeli."

Aka tsaya a kan haka: abin da idon Abu Karam ya gani, shi ne hukunci.

Ranar Asabar ya haye dutse ya gangara bakin teku, ya isa da tsakar rana, wasa kuwa sai da yamma. A gidan mai ya yi karo da Shafik, abokinsa na makaranta da suka daɗe ba su haɗu ba. Aka rungume juna, aka zagi juna, aka tambayi iyali.

"Wallahi ba za ka taka garin nan ka fita da yunwa ba," in ji Shafik. "Loma biyu kawai, ka tafi wasanka."

Kun san loma biyun mutanenmu. Aka shiga gidan abinci, aka fara jera ƙananan kwanuka har tebur ya ɓace. Abu Karam ya duba agogo, ya ce akwai lokaci. Aka kawo kifi. Ya sake dubawa, ya ce ai farkon wasa ɗumama jiki ne, gwani a zagaye na biyu ake gane shi. Da ya yunƙura zai tashi, sai ga ma'aikacin gidan yana nuna musu ɗaya teburin, wanda aka shirya da kankana da ɓaure da kayan zaƙi. Wa ya isa ya tashi kafin a koma teburin marmari? Wannan ai cin fuskar mai masauki ne.

Sa'ad da ya goge baki, rana ta taɓa ruwa.

Ya ruga mota, ya duba waya: an tashi wasa, su Ziyad sun ci. Ko ƙofar zauren bai gani ba. Ya zauna cikin mota zufa na karyo masa, ya buɗe bidiyon dillali ya kalla, ya sake kalla. Kafin ya haye dutsen nan ya dawo gida, shi kansa ya fara jin kamar ya je.

Ranar Litinin ya ba da rahoto a tsaye.

"Zauren nan ya cika har kan taga! Ganguna kamar za su tsaga rufi. Yaron nan ya karɓi ƙwallo, ya tashi daga nesa, ya danna ta cikin kwando da hannun hagu. Wata tsohuwa a gefena sai da aka yayyafa mata ruwa."

"Tsaron gida fa?" in ji Koci Hagop.

Nan ne Abu Karam ya tuna bidiyon bai nuna wannan ba. Amma baki ya riga ya ɗauki gudu.

"Yana komawa kamar an biyo shi da sanda."

Koci ya ce, "Da idonka ka gani?"

"Da waɗannan biyun."

Shi ke nan, aka yanke. Kuma da yake shi ne manaja, shi aka ɗora wa sanar da Tanyos.

Ya same shi da safe a zauren atisaye yana naɗe idon sawu. Abu Karam ya yi ta zagaye, ya yi maganar zafi, ya yi maganar tsadar wuta, daga ƙarshe ya faɗa. Ya shirya wa faɗa. Da Tanyos ya yi ihu ko ya yi jifa da takalmi, da ya samu sauƙi.

Tanyos ya gama naɗinsa a hankali, sannan ya ɗago.

"Ya fi ni, Kawu?"

"Ya... yana da ƙuruciya."

"In kai ka gani da idonka, ba ni da ta cewa. Kai ka kawo ni ƙungiyar nan, kai ka san ranar saukata." Ya miƙe tsaye. "Alfarma ɗaya. Kada Baba ya ji a bakin mutane. Ni zan faɗa masa da kaina."

Abu Karam ya fito. Ya san rajista ta kusa rufewa, kuma babu ƙungiyar da za ta ɗauki mai shekarun Tanyos a irin wannan lokaci.

Tun daga ranar abinci ya daina shiga. Mutumin da ake ɓoye wa tukunya ya koma juya cokali a kwano. Matarsa Hiyam ta zuba masa ido kwana biyu, sannan ta ce:

"Abu Karam, rigar da ka sa ranar Asabar, na wanke ta."

"Sannu da aiki."

"Shekara nawa ina wanke rigunan da kake zuwa wasa da su, warin zufa da sigari suke yi. Wannan tafarnuwa take yi. Tun yaushe aka fara soya kifi a zauren wasa?"

"Wanda ya zauna kusa da ni ne ya zo da abincinsa."

"Ya zuba maka a ƙirji ke nan," ta ce, ta kwashe kwanonta ta bar shi.

A gaskiya, jama'a, kada mu zalunce shi: ya yi niyyar gyarawa. Ya sa tufafi ya nufi ofishin Istaz Fawzi, yana bita a hanya: Yallaɓai, ban je ba. Kalma uku ce, ko yaro zai iya. Sai dai ya tarar da baƙi cike da ofis, kuma yana shiga Istaz Fawzi ya tafa hannu.

"Ga mai sikelin nan! Ba su labarin yaronmu."

Ido ya yi masa yawa. Ya buɗe baki don ya faɗi kalma ukun nan, sai ya ji kansa yana cewa Ziyad ya ci maki talatin. Kafin baƙin su tafi, tsohuwar da ta suma ta zama biyu.

Ranar sa hannu aka shirya walima a wani gidan abinci a bakin kogin Bardawni. Ziyad ya zo da dillalinsa, yaro mai ladabi, sai sunkuyawa yake yi yana gaishe da manya. Can sai ga Tanyos ɗauke da kwandon inabi a kafaɗa. Ya ajiye a tsakiyar tebur, ya miƙa wa Ziyad hannu.

"Daga gonarmu. Barka da zuwa. A zauren wasanmu, kwandon da ke ɓangaren ƙofa yana da taurin baki, in za ka yi jifa ka ɗan ɗaga ta."

Abu Karam ya sunkuyar da kai yana ƙirga zaren mayafin tebur.

Istaz Fawzi ya ciro alƙalami, ya cire murfi, sai kuma ya tsaya. "Kafin nan, Ziyad, ka san wa ya saye ka? Ga shi nan. Abu Karam, faɗa masa yadda ka gan shi."

"A bar maganar, Yallaɓai, abinci zai huce."

"Ji mutum, yau kunya yake ji! To ni zan faɗa." Ya juya ga Ziyad. "Ya ce ranar Asabar zaurenku ya cika har taga, ganguna na tashi, ka danna ƙwallo cikin kwando da hagu har tsofaffi suna suma."

Ziyad ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Da ya ga babu mai dariya sai ya tsaya.

"Wace Asabar, Yallaɓai?"

"Wadda ta wuce mana."

Dillali ya yi tari, ya taka ƙafar yaron a ƙarƙashin tebur. Amma Ziyad bai gane ba.

"Ai ranar babu ɗan kallo ko ɗaya. An hukunta mu ne, saboda magoya bayanmu sun jefi alƙalin wasa da robobin ruwa a wasan baya. A rufe aka buga, jami'ai kaɗai aka bari. Har numfashin juna muna ji." Ya ɗaga hannunsa na hagu, yatsu biyu a naɗe da farin bandeji. "Wannan kuma tun watan jiya ban taɓa kwando da shi ba."



Ziyad ya dubi Abu Karam da fuskar mai son taimako. "Ko wani wasan ka je, Kawu? Don mun ji za ka zo. Har kujera aka ajiye maka a gaba, aka manna sunanka. Ni duk jifar da na yi sai na waiga in ga ko ka iso. Har aka tashi babu kowa a kanta."

Istaz Fawzi ya mayar da murfin alƙalaminsa a hankali. Koci Hagop ya ce gobe da safe su biyun su zo atisaye, za a gwada su a gaban idon da ya zo. Babu wanda ya tambayi ra'ayin sikeli.

Abu Karam ya ɗago da ƙyar ya dubi Tanyos. Zagi yake roƙo da ido, ko da kalma ɗaya ce.

Tanyos bai zage shi ba. Ya dubi kwandon inabin, ya ce da murya ƙasa-ƙasa:

"Jiya na faɗa wa Baba, Kawu. Bai yi gardama ba. Ya ce in dai Abu Karam ne ya gani, to haka ne. Shi ya tsinko maka waɗannan da hannunsa."

Darasi: Idan mutane suka yarda da idonka, amana suka ba ka, kuma rayuwar wani tana rataye a kan "na gani" ɗinka. Faɗin "ban je ba" kunyar yini ɗaya ce, amma shaidar abin da ba ka gani ba tana iya raba bawan Allah da abincinsa, ta raba ka da mutuncinka. Ka tura wa duk wanda ake neman shawararsa kafin a yanke wa wani hukunci, wataƙila yau akwai kujerar da ke jiran sa.