Wayar da Aka Ce a Yanke

Akwai wani mutum da ya gina dogon gidan bene, ya zuba 'yan haya a ciki. Ya sa wata kwamfuta da ke kula da gidan duka. Ita ke riƙe ƙofofi, ba mai shiga sai da kati. Ita ke tafiyar da lifta mai hawa da sauka da mutane, da wutar lantarki, da gas na girki, da manyan fankokin da ke kan matakala. Ya kuma sa ƙararrawar gobara, mai shinshina hayaƙi ta yi ihu. Sai ya ja wata siririyar waya daga ƙararrawar zuwa kwamfutar, don duk abin da ƙararrawa ta ji, gida ya aikata.

To, a can sama akwai wata mata, Maman Briskila, gwanar miya. Ita fa ba ta girki sai ta soya manja ya yi hayaƙi tukuna. Da hayaƙin ya tashi, sai wiii! wiii! Gas ya ɗauke, lifta ta sauka ƙasa ta tsaya, ƙofofi su buɗe, kowa ya fito a guje. Wata rana har wani malamin makaranta ya fito da kumfar sabulu a ka, ɗaure da zanen matarsa!

Maman Briskila ta sami maigidan da ya gina benen, ta ce, "Baba, don Allah a yanke wayar nan. Ƙararrawa ta yi ihunta, ba mu hana ta ba, amma ta bar mana gida ya zauna lafiya. Miyata ta kwana biyu ba ta nuna ba!"

Maigidan ya yi dariya ya ce, "'Yata, ki riƙa buɗe taga, ki rage wuta. Amma waya tana nan. In na yanke ta, wa zai ji ihun ya yi wani abu?"

Ta tafi tana gunaguni.

Ana nan, ran wata Asabar da rana, tana guga sai aka ɗauke wuta. Ta bar dutsen gugar a kan rigar mijinta, ta manta ba ta kashe ba. Ta yi sauri ta tafi coci koyon waƙar zumuntar mata. Ta ja ƙofa, ta jefa kati a jaka. A ɗaki kuwa akwai surukarta, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ko tashi ba ta iya yi sai an kama ta.

Sai aka kawo wuta.

Riga ta kama, labule ya kama. Ƙararrawa ta saki ihu. Kai, ku zo ku ga gida yana aiki! Nan take wutar lantarkin ɗakin ta yanke. Gas ya rufe. Lifta ta sauka ta buɗe baki. Fankoki suka hau zuƙe hayaƙi daga matakala. Ƙofar da aka kulle ta yi ƙas, ta buɗe da kanta! Malamin nan mai kumfa ya faɗa ciki, ya goyo tsohuwa ya sauko da ita, tana tari tana cewa, "A hankali, ɗana, ba buhun masara ba ce ni!" Maƙwabta suka kashe sauran wutar.

Sai ga Maman Briskila a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, tana kuka. "Mama! Mama tana ciki! Katin yana hannuna!" Ta ga tsohuwa zaune a inuwa tana shan ruwa. Ta tsaya cik. "Wa ya buɗe ƙofar?"

Maigidan ya ce, "Wayar da kika ce a yanke."

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Gidan nan, ni ce da ke, da kai. Maigidan Ubangiji ne. Ƙararrawar ita ce muryar Ruhu Mai Tsarki da ke yi mana magana a zuciya. Ƙofofi da fankoki su ne bakinmu da hannuwanmu da ƙafafunmu. Siririyar wayar nan kuwa, sunanta biyayya.

Da yawanmu muna son ƙararrawa. Muna jin wa'azi ran Lahadi, har mu ce "Amin!" da ƙarfi. Amma ran Litinin, in muryar ta ce, "Ɗauke idonki daga takardar jarrabawar wannan," ko "Rufe bakinka, gulma ce," sai mu ce ai ɗan hayaƙin manja ne kawai, me ya yi zafi? Mu ce ta yi ihunta, amma kada ta taɓa mana hannu.

Ku duba fa: wayar da ta hana miya nuna, ita ce dai ta buɗe wa tsohuwa ƙofa. Ba wata daban ba ce. In ka yanke ta don ƙaramin abu, ranar babban abu ba za ka same ta ba. Don haka yau, in kun ji wiii a zuciya, ko a kan ɗan ƙaramin abu ne, ku bar hannu da ƙafa su tashi. Kada a yanke wayar!