Agogon da Ya Ajiye a Teburin Uwar Sulhu

Akwai wata ma'aikaciyar ofishin jin daɗin jama'a da kowa ke kira Uwar Sulhu. Shekara ashirin da ɗaya tana kan teburin rikicin iyali, kuma in dai baki ne, Allah Ya hore mata. Alfaharinta ɗaya ne: ba a taɓa kawo mata miji da mata ta kasa mayar da su gida tare ba.

Akwai wani dogon benci a gaban teburinta. Nan take zaunar da su kafaɗa da kafaɗa, ta yi wa mijin faɗan minti biyu, ta yi wa matar wa'azin haƙuri na rabin awa, ta buga hatimi ta rufe fayil.

Ana nan sai aka turo mata abokiyar aiki daga wani reshe, mace mai sanyin magana amma ga kafiya. Tun ranar farko ta ce ƙa'idar aikin ita ce, in ana zargin duka, a fara ganin mace ita kaɗai a ɗaki daban, kada ma mijin ya san abin da ta faɗa.

Uwar Sulhu ta kalle ta sama da ƙasa. Wai ita za a koya wa aiki? Ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Daga ranar ta laƙaba mata Malama Ƙa'ida, gaisuwa ma sai ta ga dama take amsawa.

Wata safiya aka kira wata mai ɗinki da mijinta, saboda maƙwabciyarsu ta kawo ƙara cewa ihun da take jiyowa ta katanga ya ishe ta. Mijin mai shagon kayan gini ne, tsaf-tsaf da shi, ga fara'a. Har ƙasa ya durƙusa yana "Mama, Mama." Nan take ya saye Uwar Sulhu.

Malama Ƙa'ida ta matso ta roƙi a ba ta minti biyar da matar a ɗakin baya.

"Teburinki ne ko nawa?" Uwar Sulhu ta daka mata tsawa a gabansu. "In kashe aure kika zo yi, ki je can ki buɗe naki ofishin."

Ta juyo kan mai ɗinkin da ke takure a ƙarshen benci. "Ke 'yata, ga shi ga ki. Yana dukanki?"

Matar ta buɗe baki za ta yi magana. Sai mijin, yana murmushi, ya kwance agogon hannunsa a hankali, ya ajiye a kan tebur kusa da hatimi. Uwar Sulhu har ta ji ya ƙara burge ta, a tunaninta yana nuna ba sauri yake ba.

"A'a, Mama," in ji matar. "Santsi ne ya kwashe ni a banɗaki."

Shi ke nan, aka buga hatimi. Suna fita Malama Ƙa'ida ta bi su, wai tana son a ɗinka mata riga. Ta rubuta awo a 'yar takarda, kafaɗa kaza, hannu kaza, tsawo kaza, ta raɗa wa matar wani abu ta damƙa mata. Uwar Sulhu na hango su ta taga ta ja tsaki. Ga mai ƙa'ida nan tana cinikin ɗinki a lokacin aiki!

Bayan kwana tara ta iso ofis ta tarar da kujerar Malama Ƙa'ida babu kowa. Shugaban ofis ko zama bai ce ta yi ba, ya ce ta wuce asibiti ta ga aikinta.

Mai ɗinkin tana kwance, Malama Ƙa'ida na zaune a gefenta, ido ɗaya na matar a kumbure, hannun dama a naɗe, yatsu uku sun karye. Ashe awon nan lambar wayar Malama Ƙa'ida ce. Da hannun hagu ta kira bayan ta kulle kanta a banɗaki, Malama Ƙa'ida kuwa ta zo da 'yan sanda, ta kai 'ya'yan ma'auratan gidan yayar matar.

Kun san mai girman kai, ko ya faɗi sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Uwar Sulhu ta gyara tsayuwa ta ce, "Ke kuwa ban tambaye ki ba? Me ya hana ki faɗa min gaskiya?"

Matar ta kalle ta da idon da ya rage a buɗe.

"A gabansa kika tambaye ni. Kin ga lokacin da ya cire agogo? A gida ba ya cire shi sai zai dake ni, don kada gilashin ya fashe. A teburinki ya yi min alkawarin wannan dukan, kina kallo kina murmushi."

Ta juyar da kai bango ta ce wa Malama Ƙa'ida, "Anti, ki ce ta fita."

 Uwar Sulhu ta koma ofis, da hannunta ta ja bencin nan zuwa waje, kunya da baƙin ciki sun hana ta neman mai kama mata. Amma bencin ya riga ya yi aikinsa. Likita ya ce yatsun za su warke, sai dai ba za su ƙara riƙe almakashi kamar da ba.

Darasi: Kada ka tambayi wanda ake zalunta a gaban mai zaluntarsa, domin "a'a" ɗin mai jin tsoro ba amsa ba ce. A keɓe shi, a saurare shi, a tabbatar da tsaronsa kafin a yi zancen sulhu. Kuma daɗewa a aiki ba ta hana koyo. Ku tura wannan labari ga duk wanda ake kai wa ƙarar ma'aurata, wataƙila ku ceci hannun wata.