Jan Madannin da Ya Raba Shanun Huɗa

Akwai wani dattijo a wajen Burumburum mai suna Malam Shitu. Ciwon gwiwa ya raba shi da bin garma, don haka gonar gidan tana hannun ɗansa Mas'ud, magidanci mai mata da 'ya'ya biyu.

Sa ɗaya gare su, sa ɗaya kuwa ba ya jan garma. Shi ya sa tun shekarun baya suke haɗawa da Sha'aibu, ɗan Fulanin da suka zauna a hayin rafi suna noma suna kiwo. Shanu gare su Sha'aibu, amma horarre na huɗa guda ɗaya ne. Su Malam Shitu ke da garma da karkiya. Yau a yi gonar wannan, gobe a yi ta wancan. Shanun biyu sun saba da juna har tafiyarsu ta zama ɗaya.

A wannan shekara ruwan shuka ya sauka da kyau. Ƙasa ta jiƙu, maƙwabta suka fita da shanunsu. Malam Shitu ya fito da irin masara ya zauna a zaure yana jiran Sha'aibu ya koro sansa.

Hantsi ya yi, babu Sha'aibu. Gari ya sake wayewa, babu shi babu aike.

Dattijon ya dogara sandarsa ya haye rafi. Sha'aibu ya tarye shi da gudu, ya durƙusa har ƙasa, ya shimfiɗa masa buzu, ya sa aka kawo nono.

"Lafiya ba mu gan ka ba?" in ji Malam Shitu.

"Lafiya lau, Baffa. San ne ba ya jin daɗi."

Malam Shitu ya waiga. Ga san can a gindin ɗorawa yana fizgar ciyawa, fatarsa har ƙyalli take yi. Can gefe kuma ya hango ƙannen Sha'aibu sunkuye a gonarsu, suna tada kunya da garmar hannu.

 Ya shanye nononsa ya yi godiya. Ya daɗe da zama da Fulani, ya san idan Bafulatani ya zaɓi ya karya bayansa da garmar hannu alhali ga sa a tsaye, to ba ƙaramin abu aka yi masa ba. Ya kuma san ko zai kwana yana tambaya, "ba komai" zai ji.

Da ya dawo gida ya kira Mas'ud.

"Me ya haɗa ka da Sha'aibu?"

"Ni? Babu komai, Baba. Rabona da shi tun ranar kasuwar Tudun Wada, a shagon Jamilu. Mun yi gem, wasan nan na talabijin, na cinye shi. Da murmushinsa ma ya fita."

"Da murmushinsa."

"Wallahi kuwa. Ai wasa ne kawai."

Wannan magana ta tsaya wa dattijon a rai. Shi dai ya san wasa. Ya yi langa, ya yi kokawa yana saurayi. Amma bai taɓa jin wasan da ake yi a zaune, babu gumi babu ƙura, har ya kwance karkiya daga wuyan shanu ba. Wane irin abu ne wannan? Yana son ya gani da idonsa.

Kafin kasuwa ta zagayo, Mas'ud ya aro san wani maƙwabci ya haɗa da nasu. Na aron ya fi tsawo, karkiya ta karkace, wannan ya ja gabas wancan ya ja yamma. Kunyar da suka tada kamar sawun maciji. Kafin azahar mai sa ya zo ya karɓe abinsa, shi ma gonarsa na jira.

Ranar kasuwa Malam Shitu ya sa babbar riga, ya hau ɗan acaɓa zuwa Tudun Wada.

Shagon Jamilu ɗaki ne na langa-langa, da sola a kan rufi, da babbar talabijin a bango, da benci uku. Samari cike, har da masu gemu, a tsakiyar damina. Da suka ga dattijo da sanda sai kowa ya nutsu, suka zaci wani aka zo kamawa.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Jamilu. "Cajin waya ne?"

"Wasan da ɗana Mas'ud yake yi na zo gani."

Aka gyara masa wuri a bencin gaba. Jamilu ya kunna, ya ce su nan Ƙwallon Wuta suke kiransa.

Sai ga wani birni ya bayyana, rataye a sararin sama, babu ƙasa babu bishiya. A tsakiyarsa wani fili mai zurfi kamar kasko. 'Yan wasan mutane ne cikin sulken ƙarfe, da taya a ƙafafunsu, suna gudu har a jikin bango. Ƙwallon kuwa dunƙulen ƙarfe ce mai ƙaya tana cin wuta. Wanda ya jefa ta cikin wani rami a ɓangaren abokin hamayya, ya ci.

Malam Shitu ya matso har hularsa ta kusa taɓa gilashin.

"Wace ƙasa ce wannan?"

"Babu ita, Baba. Wai nan da shekaru masu yawa ne, ƙirƙira aka yi."

"To ina gonakinsu? Me suke ci?"

Samari suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

"Ba sa cin komai, Baba."

"Shi ya sa suke da lokacin wannan. Ina alƙalin wasan?"

"Babu alƙali. Duka ma yana cikin wasan."

Gaskiyar magana, abin ya burge dattijon. Ya ga yadda ɗaya yake hawa bango ya sako ƙwallo ta bayan abokan hamayya, ɗan'uwansa ya cafe a iska. Ya gyaɗa kai ya ce wanda ya tsara wannan yana da kai.

Jamilu ya miƙa masa rimot, ya nuna masa inda ake turawa da inda ake bangaza, shi kuma ya ɗauki ɗayan. Da gangan ya tsaya, mutumin Malam Shitu ya zo ya bangaje nasa ya faɗi. Nan take allon ya rine ja, wani sauti ya fara bugawa kamar ganga.

Malam Shitu ya ajiye rimot a cinya. "To, an gama. Bayansa ya taɓa ƙasa."

"Ba a gama ba, Baba," in ji wani saurayi daga baya. "Yanzu ne ma daɗin. Ko ka ɗauki ƙwallo ka je ka ci, ko ka danna wannan jan madannin."

"In na danna fa?"

Jamilu ya miƙo yatsa ya danna masa. Mutumin ƙarfen ya taka ƙirjin na ƙasa, ya kama hannunsa ya fizge shi daga kafaɗa, ya ɗaga wa 'yan kallo. Aka sake nuno wurin a hankali, har sau uku.

Dattijon ya daɗe yana kallo.

"Wannan yana ƙara ci?"

"A'a. Nuna isa ce kawai."

"Shi wanda aka cire wa hannun, wa zai yi jinyarsa?"

"Ana sake kunnawa zai dawo da hannunsa."

"Na ji. Faɗa mini abin da aka yi ranar da Sha'aibu ya zo."

Jamilu ya sosa ƙeya. Ya ce Mas'ud ne gwanin shagon, babu mai ja da shi daga nan har Doguwa. Ranar shi ya jawo Sha'aibu, wanda bai taɓa riƙe rimot ba. Duk faɗuwar da mutumin Sha'aibu ya yi, Mas'ud ba ya zuwa cin ƙwallo, sai ya danna ja. Hannu, ƙafa, daga ƙarshe kai. Shago ya cika har waje ana ta shewa. Da aka gama sai Mas'ud ya ce, "Koma bayan shanu, nan ba wurin mutanen ruga ba ne."

"Shi kuma ya ce me?"

"Murmushi ya yi, ya ce sannunku, ya fita. Shi ya sa muka ɗauka bai ji haushi ba."

"Ku 'ya'yan ina ne?" in ji Malam Shitu. "A wajen sharo ana tsula wa ɗan Fulani bulala jini na zuba yana murmushi. Sai ku ce bulalar ba ta shiga ba?"



Ana cikin haka sai ga Mas'ud ya ɗaga labule. Tunda babu huɗa, ai sai gem. Yana ganin mahaifinsa ya ja da baya.

"Shigo. Zauna nan. Ɗauki naka."

"Baba, ni da kai?"

"Ba wasa ba ne? Ɗauka."

Aka kunna. Mutumin Malam Shitu ya nufi bango ya tsaya yana juyi wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure. Mas'ud ya riƙa kewaye shi, ya ƙi ɗaukar ƙwallo, ya ƙi matsowa.

"Haka ka yi da Sha'aibu? Yi wasanka yadda ka saba, ina son in ga gwanintar."

Mas'ud ya matso a sanyaye, ya ɗan taɓa shi da kafaɗa. Mutumin dattijon ya kife. Allo ya rine ja, gangar nan ta fara bugawa.



"Danna," in ji Malam Shitu.

Babban yatsan Mas'ud yana kan jan madannin, amma ya kasa motsi.

"Danna mana. Cire hannun. Ka ce wasa ne kawai."

"Ba zan iya ba, Baba."

"Don me? Ƙarfe ne. Ga ni nan zaune da hannuwana biyu, babu abin da zai same ni."

"Naka ne, Baba," in ji Mas'ud, muryarsa can ƙasa. "A gaban mutane."

"To na ranar nan na waye? Kuma a gaban su wa?"

Mas'ud ya ajiye rimot a kan benci. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, a ɗakin da fanka ke juyawa.

Dattijon ya dafa sanda ya miƙe. Ya ce cin fuskar da aka yi a bainar jama'a ba a gyara shi a lungu. Duk wanda ya yi dariya ranar, in yana da mutunci, ya raka Mas'ud wajen Sha'aibu.

Da la'asar Mas'ud ya haye rafi, Jamilu da wasu samari uku na biye da shi. Suka tarar da Sha'aibu a gona, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Mas'ud ya tsuguna a kan kunya a gaban ƙannen Sha'aibu, ya maimaita maganar da ya faɗa da bakinsa, ya ce shi ya faɗe ta kuma bai kyauta ba.

Sha'aibu ya dubi ƙasa. "Ba komai," in ji shi.

Suka dawo ba su san matsayinsu ba, don "ba komai" ɗin Bafulatani ba ya nuna abin da ke ransa.

Washegari bayan asuba Malam Shitu ya ji takun kofato a ƙofar gida. Sha'aibu ne da kansa riƙe da igiya. Shanun biyu suka shinshini juna, suka jera ba tare da an ce musu komai ba.

"A fara da taku, Baffa," in ji Sha'aibu.

"A'a. Mu muka ɓata. A fara da taka."

Haka aka yi. Sai dai damina ba ta jiran masu sulhu. Kafin a gama ta Sha'aibu ƙasa ta bushe, ruwa kuma ya ɗauke na wani lokaci. Da ya dawo, lokacin masara ya wuce. Wake suka shuka a gonar da ta saba cika rumbu biyu.

Da kaka ta yi, amalanke na ta shiga gidajen maƙwabta da masara. Shi kuwa Mas'ud, manomi ɗan manomi, sai ga shi a kasuwar Tudun Wada ya buɗe bakin buhu a gaban mai awo, ana zuba masa tsabar da 'ya'yansa za su ci.

Darasi: Kada ka ci fuskar mutum ka ce wasa ne. Abin da ba za ka iya yi wa mahaifinka a gaban jama'a ba, ka san ba wasa ba ne, kada ka yi wa ɗan wani. Idan ka yi galaba, ka tsaya a nan, wanda ya faɗi ba a taka shi. Kuma murmushin mai kunya ba shaidar bai ji zafi ba ne. Ku tura wa matasan gidajenku, musamman masu riƙe rimot, tun kafin su ɓata da waɗanda suke ci tare.