Sifirin Motar Hjalti

Torfi mutum ne mai hannun sana'a, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Yana da tumaki ɗari biyu a gonar da ya gada a gindin dutse, da tsohuwar jif ja wadda shi da kansa yake kwance ta ya ɗaure. Aibinsa ɗaya ne: bai iya jira ba. Abin da ya shiga kansa da safe sai ya ga ƙarshensa kafin yamma, ko da aikin wata guda ne.

Kaka ta matso, lokacin da maza ke hawa tudu su koro tumaki gida kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Matarsa Lauga ce mai dafa wa makiyayan abinci a bukkar da ke hayin kogi, kuma shi ke kai ta. Kowace shekara sai tarakta ta ja jif ɗinsa ta tsallakar da ita, ana yi masa dariya. Bana ya rantse sai ya ɗaga motar, ya sa mata manyan tayoyi, ya ratsa ruwan da kansa.

Ya samu tayoyi na hannu, saura sifirin masu ƙarfi da za su ɗaga jikin motar daga kan tayoyin. Ya je wurin tsoho Ketill, bakaniken kwarin kuma mai taraktar.

"Na sa a kawo min wasu daga birni, na hannu amma lafiyayyu," in ji Ketill. "Mako uku."

"Mako uku? Koro tumaki saura kwana tara, tsoho!"

"To, in sake jan ka kamar maraƙi mana. Ai igiyata ta saba da kai."

Torfi ya ajiye kofin kofi. "Akwai sifirin a bakin kogi."

Ketill ya daina dariya. "Kai, Torfi. Motar Hjalti ba a taɓa ta."

Shekara goma sha ɗaya ke nan da kogin ya ci Hjalti, wani mutumin kwarin. An samu motarsa a kafe a gefen ruwa, shi kuwa ba a gan shi ba har yau. Mutanen kwarin suka bar ta a wurin da gangan. Kogin yana fitowa daga ƙarƙashin dutsen ƙanƙara, ruwansa kalar toka, ba a ganin ƙasansa. Duk mai son tsallakawa sai ya nemi motar, ya shiga can sama da ita, domin daidai inda take akwai rami.

Washegari da rana tsaka Torfi ya tafi wurin motar shi kaɗai da jak da sufana. Babu iska, babu tsuntsu ko ɗaya. Yana kwance noti na ƙarshe sai ƙofar dama ta buɗe a hankali, ta tsaya. Ya ce a ransa ai karkatar mota ce. Ya zare sifirin huɗu ya loda. Da ya sauke jak, gangar motar ta kife wajen ruwa. Bai waiwaya ba.

Kwana huɗu ya yi a gareji. Ya goge tsatsa, ya shafa baƙin fenti, ya ɗaure komai tamau. Motar ta tashi sama har sai an taka akwati ake shiga. Amma da ya ja baya ya dube ta, sai ya ga ta ɗan kwanta dama. Ya auna, bambancin faɗin yatsu uku ne. Ya musanya sifirin dama da na hagu, ya sake aunawa. Dama dai, yatsu uku.

Ranar tafiya Lauga ta fito da tukunyar miyar naman rago da busasshen kifi. Ta buɗe ƙofar dama, ta tsaya tana kallon kujerar.

"Shiga mana, uwargida, rana na yi."

"Kujerar nan a jiƙe take."

"Raɓa ce."

"A cikin gareji?" Ta mayar da ƙofar a hankali, kamar mai gudun ta da mai barci. "An riga ni zama, Torfi. Zan bi taraktar Ketill. Kai ma don girman Allah ka jira mu."

"Kin ji ki! Matar da ba ta fashin coci, ita ke tsoron kujera?"

Ta sauke tukunyarta.

Ya riga kowa isa bakin kogi. Ya duba sama, ya duba ƙasa, babu motar Hjalti. Ruwan saman da aka yi a makon ya tafi da ita. Bakin ruwan duk ya zama iri ɗaya, baƙin yashi da duwatsu. Can baya yana jin gurnanin tarakta, tafiyar minti goma. Ketill yakan shiga ruwa da sanda ya lalubi ƙasa kafin kowa ya tsallaka. Torfi ya tuna da igiyar, ya tuna da dariyar, ya sa giya.

Da farko motar ta tafi kamar a kan titi. Yana cikin murmushi sai ya ji sanyi a gefen damansa, irin na wanda ya fito daga ruwa ya zauna kusa da kai. Bai juya ba. Tayar gaba ta faɗa rami. Wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashi, sifirin da tsatsa ta cinye ta ciki ya karye, motar ta zube dama, ruwa ya ɓarko ta taga.

Da ƙyar ya fito ya hau rufi. Ya ga tarakta ta iso, matarsa a bakin ruwa ta durƙusa, hannayenta a haɗe. Sai da Ketill ya jefa igiya sau shida kafin yatsun Torfi, da sanyi ya riga ya kashe, su iya riƙewa. Ita ce igiyar da ya guda.

Ya rayu, amma likita ya yanke masa yatsu uku na hannun dama. Bai sake riƙe sufana ba.

Da ruwa ya janye, aka ga jif ɗin ja a kafe daidai inda motar Hjalti take a da. Ƙofar dama a buɗe. Motar kuwa tana tsaye sak, ba ta karkata ko'ina ba, kamar wanda ke ciki ya iso inda za shi ya sauka. Ketill ya ce ai yashi ne ya tokare ta. Har yau da ita ake gane ramin, kuma babu wanda ya taɓa cire mata ko noti.

Darasin da ke nan shi ne, abin da mutane suka bari a hanya don ya tsare ran mai zuwa ba naka ba ne, ko da ya yi kama da abin da aka yar. Kada kuma ka ɗora ranka da na iyalinka a kan ƙarfen da ba ka san cikinsa ba, don kawai ka kasa jiran mako uku, ko kana jin kunyar a taimake ka. Wanda ya zauna a kujerar nan, Allah ne ya san ko wane ne. Abin da mu muka sani shi ne, da Torfi ya jira minti goma, da yau yatsunsa goma ne.